Haske, Amo da Maganaɗisu: Yadda Ake Hango Sankarar Mama

A ɗauki misalin mata uku da suka hallara da safiyar rana ɗaya a sashen ɗaukar hoto na wani asibitin koyarwa. Ta farko dattijuwa ce mai shekara 58, ba ta jin ciwon komai, ta zo ne kawai a duba ta. Ta biyu shekarunta 34, tana goyo, kuma mako uku ke nan da ta ji wani ƙullutu kamar ƙwallon dabino a mamanta na hagu. Ta uku ba ta wuce 38 ba, lafiyarta ƙalau, sai dai sankarar mama ce ta yi ajalin mahaifiyarta, ga yayarta kuma a gadon jinya. Tsoro ɗaya ne ya kawo su, amma likitan da ya san aikinsa ba zai fara tura su ɗaki ɗaya ba. Dalilin haka darasi ne na kimiyyar lissafi da ta halitta wanda ɗalibin sakandare zai iya bi daki-daki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an gano wannan cuta a jikin mata miliyan 2.3, ta kuma hallaka kimanin 670,000. A Nijeriya kaɗai, ƙiyasin wannan shekarar ya haura sababbin kamu 32,000 da mace-mace 16,000. Sankara, wadda aka fi sani da ciwon daji, ƙwayoyin halittar jiki ne da suka kauce wa tsari suka riƙa hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Tun tana ƙarama a wuri ɗaya ana iya cire ta mace ta warke. Idan kuwa ta bi jini ta isa huhu ko hanta ko ƙashi, magana ta zama wata. Abin da ake nema ke nan shi ne hanyar ganin abin da ke ɓoye ƙarƙashin fata ba tare da an sa wuƙa ba, kuma tun da sauran lokaci.

Sai dai a lura tun daga farko, babu wata na'ura da ke ganin sankara ita kanta. Kowacce tana auna wata siffa ce ta tsoka. Ɗaya tana auna yadda tsoka ke tare haske, ɗaya yadda take mayar da amo, ta uku kuma yadda take shan jini.

Hasken da ke ratsa jiki

Ran 8 ga watan Nuwamba na 1895, a garin Würzburg na ƙasar Jamus, Wilhelm Röntgen ya gano wani irin haske wanda ido ba ya gani amma yana ratsa takarda da katako da naman jiki. Shi ne hasken eksire da ake ɗaukar hoton karaya da shi. Ƙashi yana tare shi sosai, shi ya sa yake fitowa fari a hoto, nama kuwa yana barin akasarinsa ya wuce. Matsalar mama ita ce babu ƙashi a cikinsa. Kitse ne da tsokar da ke yin nono da magudanansa, dukkansu masu laushi, bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne ƙwarai.

A 1913 wani likitan fiɗa a birnin Balin, Albert Salomon, ya ɗauki hoton mama kimanin 3,000 waɗanda aka riga aka yanke daga jikin majinyata, ya nuna cewa sankara tana barin sawu a hoto. A 1949 Raúl Leborgne na ƙasar Yurugwai ya nuna amfanin matse mama kafin a haska shi. Wannan matsewa ita ce abin da mata suka fi tunawa da shi bayan gwajin, domin ba ta da daɗi, ko da yake ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi. Amma tana da dalili. Idan aka danne mama tsakanin faranti biyu, kaurinsa yana raguwa, hasken da ake buƙata ya ragu, tsokokin da suka hau kan juna su bazu, motsi kuma ba zai dusashe hoton ba. Haka nan ana amfani da haske mai rauni da gangan: wajen kilobolt 25 zuwa 35 ake ba na'urar, alhali hoton ƙirji yakan haura 100. Haske mai ƙarfi zai ratsa komai bai ɗaya, mai rauni ne ke fito da ɗan bambancin da ke tsakanin kitse da ƙari. Wannan hoto shi ake kira mamogiram, kuma akan ɗauki kowane mama ta fuska biyu.

Gwanintar mamogiram tana wajen wasu ɗige-ɗigen sinadarin kalsiyam, ƙanana kamar garin gishiri, waɗanda sau da yawa ba su kai rabin milimita ba. Akan same su a tattare inda sankara ta fara tsiro a cikin magudanar nono, tun kafin a sami wani ƙullutu da hannu zai ji. A wannan fage har yau babu na'urar da ta kamo shi.

Wani abin da ya fifita shi kuma shi ne hujja. A 1963 aka soma wani bincike a birnin New York na Amurka da mata kimanin 62,000, aka raba su gida biyu, ana gayyatar rukuni ɗaya gwaji ana barin ɗayan. Wani makamancinsa ya biyo baya a larduna biyu na ƙasar Suwidin daga 1977, ƙarƙashin László Tabár da abokan aikinsa, kuma rahotonsa na 1985 ya nuna mace-macen wannan cuta sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda aka gayyata. Bisa irin wannan hujja Birtaniya ta kafa shirinta na ƙasa a 1988, inda ake kiran mata daga shekara 50 duk bayan shekara uku. Shi kuwa tururin da mace ke sha a gwaji ɗaya, kimanin milisibat 0.4 ne, wato daidai da abin da jikinta ke sha dama daga ƙasa da duwatsu da sararin sama cikin mako bakwai. Dattijuwar nan mai shekara 58 wannan ɗaki za a tura ta.

Fari a kan fari

To me ya hana a tura sauran biyun? A hoton mamogiram kitse baƙi-baƙi yake fitowa, tsokar nono fara, ita ma sankara fara. Mace mai manyan shekaru, wadda ta daina al'ada, akasarin mamanta ya zama kitse, don haka ƙari yana bayyana kamar balbela a ƙonannen daji. Matashiya kuwa, musamman mai shayarwa, mamanta cike yake da tsoka, sai aikin ya koma neman balbela a gonar auduga. Wannan shi likitoci ke kira cunkusasshen mama, kuma ba a gane shi da girma ko da taɓawa, sai a hoto. A mama mai yawan kitse mamogiram yana kama kusan duk sankarar da ke akwai. A wanda ya fi kowane cunkushewa kuwa, yana iya tsallake kusan rabi.

An yi ƙoƙarin rage wannan rauni. A shekarar 2000 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da mamogiram mai aiki da kwamfuta a madadin fim, a 2011 kuma ta amince da wani sabon salo wanda bututun hasken ke zagawa yana ɗaukar hotuna daga kusurwoyi da dama, kwamfuta ta haɗa su likita ya riƙa duba mama falle-falle kamar yankan burodi. An sami ci gaba, amma fari bai daina zama fari ba.

A nan ya kamata mai karatu ya riƙe ma'auni biyu da ake gwada kowace irin na'ura da su. A kwatanta ta da karen gadi. Akwai karen da ɓarawo ke wucewa yana barci. Akwai kuma wanda ko kaza ta gifta sai ya tayar da gida. Na farko ya gaza wajen kamawa, na biyu ya gaza wajen tantancewa, kuma yawanci duk abin da aka yi don gyara ɗaya yana ɓata ɗayan. A shirin Birtaniya, cikin kowace mace 100 da aka yi wa mamogiram akan sake kiran kamar 4, amma kusan 1 ce kawai ake samu da sankara. Sauran ukun sun sha kwanakin fargaba ne a banza. Akwai ma wata matsala da ta fi wannan sarƙaƙiya. Wani kwamiti mai zaman kansa da ya duba shirin a 2012 ya ƙiyasta cewa yana ceton rai kimanin 1,300 a shekara, amma kuma yana sa a yi wa mata kimanin 4,000 jinyar sankarar da ba za ta taɓa cutar da su ba har ƙarshen rayuwarsu, domin hoto ba ya iya raba mai saurin girma da wadda za ta zauna shiru. Kwamitin ya ga amfanin ya rinjayi illar. Amma wanda ya ce gwajin ba shi da farashi bai faɗi gaskiya ba.

Dabarar jemage

Matar nan mai goyo ɗakin sikanin za a fara kai ta, irin na'urar da mata suka saba da ita wajen awon ciki. Ba ta amfani da haske ko tururi, da sauti take aiki. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya haura kaɗawa 20,000 a daƙiƙa. Jemage yana fitar da wanda ya fi haka, ya saurari amsa-kuwwarsa, da haka yake kauce wa reshe cikin duhu. Kan na'urar sikanin yana ɗauke da wasu ƙananan duwatsu na musamman waɗanda ke kaɗawa idan lantarki ya ratsa su, su kuma haifar da lantarki idan sauti ya buge su. 'Yan'uwan nan biyu na Faransa, Pierre da Jacques Curie, su suka gano wannan hali a 1880. Da haka abu ɗaya ke zama baki da kunne a lokaci guda.

Sauti yana tafiyar kimanin mita 1,540 a daƙiƙa cikin naman jiki. Malamin lissafi zai iya ba ɗalibansa wannan aiki: idan ƙullutu yana zurfin santimita 3, sautin zai yi tafiyar santimita 6 zuwa da dawowa, wato cikin kashi 39 daga cikin miliyan na daƙiƙa ɗaya. Daga wannan ɗan lokaci na'urar ke lissafa zurfi, daga ƙarfin amon kuma take zana haske da duhu. Man da ake shafawa a fata aikinsa korar iska ne, domin ko siririyar iska ta shiga tsakani sai ta mayar da sautin baya tun bai shiga ba.

Babban amfanin sikanin shi ne amsa tambayar da hannu ba ya iya amsawa: wannan ƙullutu ruwa ne ko tsoka? Mai sayen kankana yakan ƙwanƙwasa ta ya saurara, to kusan haka ne. Jakar ruwa ba ta mayar da amo daga cikinta, sai ta fito baƙa wuluk da gefe sumul, kuma irin wannan ba sankara ba ce. Ƙari marar illa, wanda ya yawaita a jikin 'yan mata, yakan fito kamar ƙwai a kwance da iyaka bayyananniya. Sankara kuwa sau da yawa gefenta ba shi da tsari, tana miƙa yatsu cikin tsokar da ke kewaye da ita, tana jefa inuwa a bayanta. Cunkushewar mama ba ta hana sikanin aiki kamar yadda take hana mamogiram, kuma ana yin sa ga mai ciki da mai shayarwa ba tare da fargaba ba.

Ƙasar Japan, inda cunkusasshen mama ya yawaita, ta gwada haɗa su biyun a jikin mata kusan 73,000 masu shekara 40 zuwa 49. Rahoton da ya fito a mujallar Lancet a 2016 ya nuna mamogiram ba tare da sikanin ba ya kama kashi 77 cikin 100 na sankarar da ke akwai, da aka ƙara sikanin kuwa adadin ya kai 91. Amma karen ya ƙara yawan haushi, domin matan da aka tayar wa hankali babu dalili su ma sun ƙaru. Bayan haka sikanin bai cika ganin ɗige-ɗigen kalsiyam ba, kuma ingancinsa yana hannun mai riƙe da shi. Mamogiram hoto ne na dukkan mama wanda likita na biyu zai iya sake dubawa. A sikanin kuwa, inda hannu bai bi ba ba a gani ba.

Akwai wani abu ƙarami a nan da ya cancanci a sani. Kan na'urar da ake duba ciki da shi mai lanƙwasa ne, yana kaɗawa sau miliyan 3 zuwa 5 a daƙiƙa, don ya kai zurfi. Na duba mama miƙaƙƙe ne, kaɗawarsa takan kai miliyan 10 ko fiye, ba ya nisa amma yana fito da ƙananan abubuwa. Saboda haka ba duk wurin da aka rubuta ana sikanin ba ne ke da kayan duba mama yadda ya kamata.

Maganaɗisu da jini

Mace ta uku, wadda cutar ta shiga gidansu sau biyu, matsalarta daban ce. A 1994 da 1995 aka gano wasu ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 da BRCA2, waɗanda idan suka zo da tangarɗa haɗarin kamuwa yake ninkuwa, kuma cutar takan zo da wuri, a shekarun da mamogiram ya fi rauni. Irin wannan mace ita ta fi buƙatar na'urar MRI.

Jikin mutum akasarinsa ruwa ne da kitse, dukkansu cike da sinadarin haidirojin, wanda cibiyar kowace ƙwayarsa tana aiki kamar ƙaramin kamfas. Ana shigar da mace cikin wani ƙaton maganaɗisu mai ƙarfin tesla 1.5, wato kusan ninki 30,000 na maganaɗisun duniya, sai waɗannan ƙwayoyi su daidaita da shi. A aika musu da igiyar rediyo ta karkatar da su, a kashe, su koma yadda suke suna fitar da sigina. Kowace irin tsoka da saurin komawarta. Paul Lauterbur da Peter Mansfield sun sami kyautar Nobel ta 2003 saboda mayar da wannan sigina hoto. Amma sirrin aikin a mama yana cikin wata allura da ake yi a jijiya, mai ɗauke da sinadarin gadoliniyam. Sankara mayunwaciya ce, tana gina wa kanta sababbin hanyoyin jini cikin gaggawa, masu yoyo. Don haka takan sha sinadarin kafin sauran tsoka, ta haskaka cikin minti ɗaya ko biyu.

Wani bincike na Birtaniya da aka buga a 2005, kan mata 649 masu haɗarin gado, ya sami MRI ya kama kashi 77 cikin 100, mamogiram kashi 40, su biyun tare kashi 94. A ƙasar Holan kuma, rahoton 2019 kan mata fiye da 40,000 masu matuƙar cunkusasshen mama ya nuna cewa sankarar da ke ɓulla tsakanin gwaji da gwaji ta ragu daga 5 zuwa 2.5 cikin 1,000 a rukunin da aka gayyata MRI. Sai dai wannan shi ne karen da ya fi kowane kunne, kuma yana yawan haushi. Mace za ta kwanta rub da ciki na wajen rabin sa'a cikin rami mai ƙara. Maganaɗisun kansa sai an ajiye shi cikin ruwan iskar hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, da lantarki wanda ba ya yankewa. Wannan ya isa ya bayyana tsadarsa da ƙarancinsa.

Akwai wasu hanyoyin da ake jin sunansu. Na'urar PET tana bin sawun sukari mai tururi don gano inda sankara ta yaɗu a jiki, ba a neman ƙaramin ƙari da ita. Kyamarar auna zafin fata kuwa, wadda wasu ke tallatawa da cewa ba ta matsa ba ta da tururi, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sha gargaɗin cewa ba ta maye gurbin mamogiram.

Mai yanke hukunci

Duk waɗannan na'urori shaidu ne, ba alƙalai ba. Likitan hoto yakan rufe rahotonsa da lamba daga 0 zuwa 6 bisa wani tsari da ake kira BI-RADS: 1 da 2 babu damuwa, 3 a sake dubawa bayan wata shida, 4 da 5 kuwa sai an ɗebi tsoka. Ana kashe wurin da allura, a zura wata allurar mai rami, sau da yawa ana kallon tafiyarta a allon sikanin, a ciro ɗan zaren tsoka a kai ɗakin gwaje-gwaje a duba da madubin likita. A nan ne kaɗai ake tabbatar da sankara, a kuma san irinta da maganin da zai dace da ita. Camfin nan da ya yaɗu cewa daji ba ya son allura ya hana mata da yawa wannan mataki, alhali ɗibar tsoka ba ta tunzura cutar. Kuma a cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙullutun mama har kashi 90 cikin 100 ba sankara ba ne, wato akasarin waɗanda suka je za su dawo da labari mai daɗi.

Inda zancen ya iso gida

Shirin Birtaniya an gina shi ne don neman ƙarin da bai kai a ji shi da hannu ba, a jikin mata masu shekara 50 zuwa sama. Halin da ake ciki a Nijeriya ya sha bamban. Al'ummar matasa ce, saboda haka da yawa daga cikin masu cutar ba su kai 50 ba. Akasari kuma suna isa asibiti ne bayan cutar ta yi nisa, ƙullutun ya girma, wani lokaci ya fashe ya zama gyambo. Na'urorin mamogiram sun fi yawa a asibitocin koyarwa da cibiyoyi masu zaman kansu na manyan birane, MRI kuwa ya fi su ƙaranci. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashen da tsarin lafiyarsu ke da rauni, abin da ya fi dacewa a sa a gaba shi ne gaggauta gano cutar a jikin matan da suka riga suka ga alama, maimakon kiran dukkan masu lafiya gwajin mamogiram.

Birnin Mumbai na Indiya ya ba da hujja mai ƙarfafa gwiwa. An horar da mata ma'aikatan lafiya su riƙa duba mama da hannu kawai duk bayan shekara biyu, a wani bincike da ya ƙunshi mata fiye da 150,000 aka kuma bi su shekara 20. Rahoton 2021 ya nuna an riƙa kama cutar tun ba ta yi nisa ba, kuma a tsakanin masu shekara 50 zuwa sama mace-mace sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Alamomin da suke nema ba ɓoyayyu ba ne: ƙullutu a mama ko a hammata, galibi marar zafi, da fatar da ta koma kamar ɓawon lemo, da kan mama da ya shige ciki, da jini ko ruwan da ke fita ba na shayarwa ba. Maza ma ba su tsira gaba ɗaya ba, domin kusan ɗaya cikin 100 na masu cutar namiji ne.

A 2021 Hukumar ta ƙaddamar da wani shiri na duniya mai buri uku: a kama aƙalla kashi 60 cikin 100 na cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, sannan kashi 80 cikin 100 su kai ƙarshen jinyarsu. Ga matar nan mai goyo, ma'anar wannan ita ce likita ya duba ta da hannu, a yi mata sikanin da kan na'urar da ya dace, idan ƙullutun tsoka ne mai alamar tambaya a ɗiba da allura a ƙara da mamogiram, kuma sakamakon ya iso hannunta kafin wata biyu su cika.